Kulle Waifai Ba Rowa Ba Ce

A da, idan ka ji maƙwabta sun saɓa a Maiduguri, ba ya wuce a kan kwatar da ta ɓalle ta bi ta ƙofar wani, ko akuyar da ta cinye shanyar hatsi, ko faɗan yara da iyaye suka tsoma baki. Duk waɗannan abubuwa ne da ido ke gani, ana iya kiran dattijo ya duba ya raba gardama. Yanzu an samu wani sabon abin saɓani da ba a ganinsa, katanga ba ta tare shi, kuma galibi ba a ma furta shi. Sai dai ka ga gaisuwa ta yi sanyi, an daina aiko da kwanon abinci ranar Juma'a, an fara hana yara shiga gidan juna. Idan ka bi diddigi, sai ka tarar maganar data ce da ke ƙarewa kafin lokacinta, ko kuma wayar dish da aka ga ta yi reshe ta tsallaka katanga.

Ina wannan magana ne a matsayin uwa, kuma 'yar kasuwar cikin gida da abincinta ya rataya a kan intanet. Abin ya faru a gidanmu, kuma yadda muka fita daga cikinsa ba tare da mun rasa maƙwabta ba shi nake so in ba masu karatu labari, ko wani zai amfana.

Garin da ya rayu da taimakon juna

Kafin a ce wani ya yi rowa ko wani ya yi sata, ya kamata a san irin garin da ake magana a kansa. Mu mutanen Maiduguri mun rayu ne da abin hannun juna. A shekarar 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya na tsawon makonni, saƙo sai dai baki da baki, wanda zai yi tafiya shi ake ba sallahu. A shekarun da suka biyo baya, da wuya ka sami gidan da bai sauki 'yan gudun hijira ba, daga Bama ko Gwoza ko Baga ko Monguno. A watan Janairun 2021 aka fasa turakun babban layin lantarkin da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake fasawa, muka ci kusan shekarar a cikin duhu. A lokacin nan duk gidan da ke da sola ko janareta ya zama wurin cajin wayar unguwa. Ba a neman izini sau biyu, yaro ne zai yi sallama da wayoyi uku a leda ya ce an ce a sa musu caji.

Sai kuma daren 9 ga Satumba zuwa wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Fori da Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa da Fadar Shehu. Mu da muke ɓangaren Bulumkutu ruwan bai kai gare mu ba, amma mutane sun kai. Ɗakunanmu biyu da falo suka ɗauki iyalai uku.

Wanda ya taso a cikin irin wannan zama, kalmar "a'a" tana yi masa nauyi a baki. Idan maƙwabci ya ce a ba shi lambar waifai, sai ka ji kamar garwashin wuta ya roƙa ko moɗar ruwa. Shi ma mai ɗauka ba tare da ya tambaya ba, sau da yawa ba ya jin ya yi laifi. Zai ce ai iska ce ta kawo har ɗakinsa, bai fasa ƙofar kowa ba, bai ɗauki komai ya sa a aljihu ba. A nan matsalar take: abu ne da ake saye da kuɗi, amma ya yi kama da abin da Allah Ya bayar kyauta.

Yadda lambar gidanmu ta zaga unguwa

Ina haɗa turaren wuta da humra. Rabin masu sayen kayana ban taɓa ganinsu ba, suna Kano da Abuja da Kaduna. A WhatsApp suke ganin hoto, a nan muke ciniki, su turo kuɗi, ni kuma in kai tasha. Babban ɗanmu yana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, don haka gwajin tambayoyi ma sai da intanet. Maigidana ma'aikaci ne, akwai ayyukan ofis da yake ƙarasawa da dare. Shi ya sa muka sayi 'yar rauta mai layin waya a ciki, muke zuba mata data ta wata guda.

Lokacin ambaliya, duk wanda ya kwana a gidanmu an ba shi lambar. Mutane na neman 'yan uwansu, wasu na jiran a turo musu kuɗi, wasu na son ganin ko ruwa ya janye daga layinsu. Maƙwabta da suka sauki nasu baƙin su ma aka ba su. Ko gobe hakan ta sake faruwa, Allah Ya kiyaye, haka za mu yi.

Baƙi suka koma, lamba ta zauna. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, sai ga shi datar da ta yi tsada kuma ba ta kai wata. Ta fara ƙarewa a kwana 20, daga baya ta koma kwana 11. Da dare kuwa hoto ɗaya sai ya yi ta juyi kafin ya tafi. Akwai ranar da wata mai sayen kayan aure ta gaji da jiran bidiyon da na ce zan tura mata, ta saya a wani wuri.

Ɗanmu ne ya buɗe shafin rautar a wayarsa, inda ake ganin jerin duk na'urorin da ke kanta. Mu a gidan muna da waya 4 da kwamfuta 1. Jerin ya nuna 14.

Lambar waifai ba ta buƙatar ɓarawo kafin ta fita. Tun daga Android 10 da ya fito a 2019, duk wayar da ta taɓa hawa waifai tana iya nuno wani hoto mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, wata wayar ta ɗauka ta hau nan take, ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. Yaro ya ba abokinsa, abokin ya ba yayansa, yayan ya ba abokan hirarsa na bakin layi. Akwai kuma manhajojin da matasa ke saukewa da sunan neman waifai kyauta, waɗanda aikinsu shi ne tattara lambobin da masu amfani da su suka taɓa shiga, su raba wa sauran. Sannan ga sitikar da ke manne a ƙarƙashin rauta ko a bayan batirin 'yar ƙaramar maifai: sunan waifai da lambarsa duk suna rubuce a kai, wanda ya shigo gaisuwa ya ɗauki hoto da waya ya gama. Hausawa suka ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya fi kuɗin data

Asarar kuɗi ita ce ta fara bayyana, kuma ba ƙarama ba ce. Kallon bidiyo mai tsabtar hoto na awa ɗaya yana iya cin gigabait 1 zuwa 3. Matasa uku su kwana suna kallon ƙwallo ko fim, kuɗin cefanen mako ya tafi. Amma da muka zauna da maigidana muka yi lissafi, sai muka ga akwai abubuwan da suka fi wannan tayar da hankali.

Na farko, suna. Tun daga Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Layin da ke cikin rautarmu da sunan maigidana aka yi masa rajista. Duk abin da aka aikata ta wannan layi, damfara ce, barazana ce, ko yaɗa wani abu da hukuma ke bibiya, sawun farko ƙofarmu zai kawo. A garin da ya sha fama da matsalar tsaro irin namu, babu magidancin da zai so a ƙwanƙwasa masa ƙofa a kan saƙon da bai san wanda ya tura ba.

Na biyu, sirrin gida. Wanda ya hau waifai ɗinka tamkar ya shigo tsakar gidanka ne. Idan ba a sauya lambar shafin kula da rautar ba, wadda a na'urori da yawa kalmar "admin" ce kawai, zai iya shiga ya ga wayoyin da ke kai, ya sauya saiti, har ya kore ka daga kayanka. A rautar da ke da layin waya, sau da yawa ana iya karanta saƙonnin tes da ke shigowa layin daga wannan shafi. Gidan da ke da kyamarar tsaro ko talabijin mai hawa intanet, abin ya ƙara faɗi.

Na uku, 'ya'yan maƙwabtan kansu. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Uwa ta hana ɗanta kuɗin data don ta san abin da yake kallo da lokacin da yake barci, ashe yana samu ta bayan katangarmu. Ƙarfe ɗayan dare yaro ɗan shekara 14 yana tsugune a lungu, sauro na cizonsa, hasken waya a fuskarsa, gari ya waye ya tafi makaranta yana gyangyaɗi. Kuma kowa ya san abin da ake iya zato idan masu sintiri suka ga matashi a raɓe da katangar mutane a irin wannan lokaci. Ba tare da mun sani ba, mun zama masu warware tarbiyyar da wata uwa ke ɗaurawa.

Na huɗu shi ne zato. Da zarar ka san ana ɗibar maka abu ba ka san mai ɗiba ba, kowa sai ya zama abin tuhuma. Wanda ya tsaya inuwar dalbejiyar ƙofar gida yana danna waya, sai ka ce shi ne. Mai moya ya tsaya amsa kira, ka ce ko shi ne. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma shi ke kashe maƙwabtaka tun kafin a yi cacar baki.

Gyara kayanka

Abin da muka yi bai ci mana ko sisi ba, kuma bai ɗauki fiye da rabin awa ba. Duk mai rauta zai iya. A jikin sitikar akwai adireshin shafin kula da ita, yawanci lambobi ne irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, wasu kuma suna da manhajarsu ta waya. A nan ake yin komai.

Mun fara da lambar shafin kansa, domin ita ce makullin ɗakin da aka ajiye sauran makullai. Sannan muka sauya lambar waifai. Mafi ƙarancin abin da na'urar ke karɓa harafi 8 ne, amma gajeriyar lamba ba ta da wuyar cinka, musamman idan lambar wayar maigida ce, ko sunan ɗan auta da shekarar haihuwarsa, ko sunan ƙungiyar ƙwallon da kowa ya san kana goyon baya. Dabara mai sauƙi ita ce a jera kalmomi huɗu da ba su da dangantaka da juna, a cusa lambobi a tsakani. Tana da tsawo, amma mai gida ba zai manta ba. Da an sauya, duk wayoyin da ke kai za su sauka, sai wanda aka sake sa wa.

A wurin zaɓen nau'in kariya, a ɗauki WPA2, ko WPA3 idan rautar sabuwa ce tana da shi. Tsohon nau'in da ake kira WEP tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi, ba ya tsare komai. Akwai kuma wani saiti mai suna WPS, wanda aka yi don a haɗa waya da rauta ta danna maɓalli ko sa lamba 8. A ƙarshen 2011 aka gano cewa na'urar tana duba lambar ne rabi-rabi, don haka gwaji kusan 11,000 ya isa a cinko ta, abin da manhaja ke iya yi cikin awanni. Manhajojin fasa waifai da yara ke yayi da yawansu wannan ƙofar suke bi. A kashe shi kawai.

Wurin ajiye rauta ma yana da tasiri. Da yawa muna ɗora ta a taga don ta kama sabis, alhali hakan na watsa rabin ƙarfinta waje. Idan sabis ɗin unguwa na da kyau, a dawo da ita tsakiyar gida. Rautar da ke da zango biyu, 2.4 da 5, ta 5 ɗin ta fi sauri kuma ba ta ratsa bango da nisa, ta fi dacewa da ƙaramin gida. Sitikar kuma a rufe ta, ko da yake da an sauya lamba abin da ke kanta ya zama tarihi. Idan an tashi barci, a kashe na'urar gaba ɗaya: batirin sola ya huta, yaran gida su yi barci, na waje ma su koma ɗaki.

Abu biyu ne ban ga amfanin dogara da su ba. Ɓoye sunan waifai ba ya hana wanda ya san hanya gano shi. Toshe waya ɗaya-ɗaya daga jerin shi ma wahala ce, saboda wayoyin yanzu suna iya sauya lambar shaidar da suke nuna wa rauta, wanda ka kora yau ya dawo gobe da sabuwar fuska. Saboda wannan dalilin ne ma waya ɗaya ta gida kan iya fitowa sau biyu a jeri, don haka kada a ga baƙuwar lamba ɗaya a ɗaga murya.

Sai babban aiki, wato yaran gida. Mun tara su muka gaya musu cewa lambar waifai kamar makullin ƙofar gida ce, ba a ba aboki aro, kuma ba a nuna hoton QR ga kowa. Wanda abokinsa ke da buƙata ya kawo shi wurina. Wannan ya sauke musu nauyi, domin yaro ma yana jin kunyar hana abokinsa. Yanzu yana da amsa: "Mama ce ke sawa da kanta."

Wayar dish da ta yi reshe

Maganar dish daban take, domin ita akwai waya da ido zai iya bi. Wata ƙawata da ke zaune a gidan haya mai ɗakuna da yawa ta yi watanni tana fama: tana cikin kallon Arewa24 sai hoto ya daskare, wasu tashoshin su ɓace da yamma su dawo da safe. Da mai gyara ya hau rufi sai ya tarar an yanka wayar an sa 'yar mahaɗa mai baki biyu, an naɗe da leda, reshe ɗaya ya gangara wani ɗaki.

Bayanin da mai gyaran ya yi mata yana da amfani ga kowa. Kan da ke gaban dish, wanda ake kira LNB, dikoda ce ke aika masa wuta ta cikin wayar, bolt 13 ko 18, gwargwadon rukunin tashoshin da ake son kamawa. Idan kan mai baki ɗaya ne aka ɗora masa dikoda biyu, wannan na neman 13 waccan na neman 18, sai mai ƙarfin ta rinjaya, tashoshin ɗayar su ɓace. Ƙari a kan haka, duk inda aka raba waya biyu, kusan rabin ƙarfin sigina ya tafi. Don haka idan tashoshi na ɓacewa a daidai lokacin da mutane ke dawowa gida, alhali babu hadari babu iska, a bi waya daga dish har bayan talabijin.

Ga masu biyan kuɗin wata irin na DStv ko StarTimes, kuɗin yana kan dikoda ne da katinta, wanda ya ja waya daga dish bai sami tashoshin kuɗi ba. Inda ake ɗiba shi ne wayar da ke fita daga bayan dikoda zuwa talabijin na biyu, sai kuma lambar shiga manhajar kallo ta waya, wadda ita ma yawo take kamar ta waifai.

Maganin a nan na hannu ne: waya ta zama guda ɗaya ba gami daga dish zuwa ɗaki, a zura ta cikin bututun roba, a bi da ita ta cikin gida maimakon bayan katanga, a kafa dish inda ake ganinsa daga tsakar gida. Kuma wannan ba maganar kallo kaɗai ba ce. Wayar da aka yanka aka naɗe da leda tana shan ruwan damina, tana iya gogar wayar lantarki a kan rufin kwano, kuma tana haɗa na'urorin gidaje biyu da kowanne ke da nasa janareta ko inbata. Yaro ya taɓa bakin ƙarfen da jiƙaƙƙen hannu, sai dai a ce Allah Ya tsare. Mai jan wayar dish a ɓoye, gobe wayar wuta zai ja ta bayan mita, wadda ke jawo gobara, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta sa ta cikin laifuffukan da ake hukuntawa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne maganin da mai gyaran ya kawo: akwai kan dish mai baki biyu, har da mai baki huɗu. Dish ɗaya zai iya ɗaukar gidaje biyu, kowa da wayarsa da dikodarsa, babu mai rage wa wani. Abin da aka yi watanni ana yi a ɓoye ana cutar juna, da an yi magana da an yi shi a fili da kuɗi kaɗan.

Maganar da ta fi makulli wuya

Kwana biyu da sauya lambarmu, na lura ɗan maƙwabciyarmu ya daina haɗa ido da ni. Mahaifiyarsa dattijuwa ce da mijinta ya rasu a shekarun rikici, ita ta yi mini wankan jego na ɗan autana. Yaron yana karatu a wata babbar makaranta, kuma na san halin gidan. Maigidana ya ce a bar maganar tunda an toshe. Ni kuma na ga idan aka bar ta, ita ce za ta zauna a tsakaninmu shekara da shekaru.

Na shiga da yamma da ɗan turare a hannu. Bayan gaisuwa na ce, "Hajja, mun sauya lambar intanet ɗin nan, mutane sun yi yawa a kai har sana'ata ta fara tsayawa. Na ce bari in zo da kaina, kada yaron nan ya ga kamar da shi ake."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, wallahi ban san yana hawa ba. Na dai ga ya daina tambayata kuɗin kati, na ce ko Allah ne Ya buɗa masa."

Ta kira shi. Ya durƙusa kansa a ƙasa ya ce, "Anti, ki yi haƙuri. Tun lokacin ruwa ne. Aikin makaranta nake yi da shi, amma na ba abokaina biyu."

Na ce, "Na makaranta ba zai tsaya ba. Na abokai ne ya tsaya."

Yawancin rautoci suna da abin da ake kira waifai na baƙi: suna daban, lamba daban, wanda ke kai ba ya ganin na'urorin gida kuma ba ya shiga shafin saiti, a wasu ma ana iya ƙayyade yawan wayoyi da saurin da za su samu. Shi muka buɗe masa, waya ɗaya, daga bayan la'asar zuwa ƙarfe goma. Ni nake sa lambar da hannuna, ina sauya ta duk farkon wata. Hajja ta dage sai ta riƙa ba da wani abu, na ƙi, ta koma aiko mana da ɗanwake duk Asabar. Wani maƙwabcin mai shago da ya ji labari ya zo ya same maigidana, suka yi magana ta maza, yanzu yana ba da kasonsa duk wata muna sayen data mafi girma, wadda ta fi araha idan aka raba. Mai son yin irin wannan ya duba sharuɗɗan kamfaninsa, domin taimaka wa maƙwabci daban, buɗe kasuwar sayar da intanet ko tashoshin kuɗi ba da lasisi ba kuma daban.

Ba kowace magana ke ƙarewa haka ba. Akwai wanda za ka rufe ya sake fasawa, ka gyara waya ya sake yankawa. Irin wannan ba a yi masa hayaniya a bakin layi, kuma ba a aika yara su rama. A gidan haya mai gida ake fara gaya wa, in ya faskara a je wurin Bulama, wanda ya san kowa da iyayen kowa. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta yi magana a kan kutse cikin na'urorin mutane ba da izini ba, amma tsakanin maƙwabta, ofishin 'yan sanda shi ne matakin ƙarshe, domin ranar da aka dawo daga can, ko an yi sulhu, zaman ba ya komawa yadda yake.

Kafin ma a kai ga tuhumar kowa, a fara duba cikin gida. Waya na sabunta manhajoji da kanta idan ta ji waifai. WhatsApp na sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan biki da na 'yan uwa. Hotuna na hawa ma'ajiyar intanet cikin dare. Yaro ɗaya da TikTok ya isa ya cinye datar mako. Sau da yawa ɓarawon da ake nema a bayan katanga yana kwance a kan kujerar falo.

Addininmu da al'adarmu sun girmama haƙƙin maƙwabci, kuma haƙƙin nan ta ɓangare biyu yake: kada ka kwana da wadata shi yana cikin buƙatar da za ka iya sauƙaƙa masa, kada shi kuma ya ci abinka ba da yardarka ba. Waifai da aka bari a buɗe ba ya cika ko ɗaya daga ciki. Mai gida bai sami ladan kyauta ba tunda bai san ya bayar ba, mai ɗauka bai ci halal ba tunda bai tambaya ba, ga zargi ya shiga tsakani. Idan ka kulle, abin ya dawo hannunka, ka san wanda ka ba, ka san iyakar abin da za ka iya, shi kuma ya karɓa da sakin fuska ya yi godiya. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma sai abin da ka tsare ne kake iya yin kyauta da shi.

Allah Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zame musu nagari, Ya ƙara wa Borno zaman lafiya.